Kawu da Tsofaffin Sunaye

Na Allah ne mu, wurinsa muka nufa, kuma Kawu ya riga mu isa. A ɗakin ƙasa na laburaren asibitin da yake aiki a Doha aka same shi, bayan azahar, zaune a kujera, littafi buɗe a cinyarsa, fitilun ɗakin duk a kashe. Mai sharar da ya fara ganinsa ya ce har ya gaishe shi ya wuce, sai da ya dawo ya ga bai motsa ba. Likitoci suka ce zuciya ce. Washegari aka kai shi maƙabartar Abu Hamour.

Yayan mahaifiyata ne. A gidansa na zauna duk shekarun da na yi karatun digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, lokacin da Doha ke cike da ƙarar gini, ana sabunta tsohuwar kasuwar Souq Waqif. Ina rubuta wannan ne domin akwai abin da na sani game da shi wanda ba a faɗa a wurin zaman makoki ba.

Gidan nasa da ke unguwar Najma bai ɗauki masu ta'aziyya ba. Ɗaliban Najeriya sun cika falo har kan matakala. Mutanen Zango na Gana suka kawo tukwanen shinkafa da wake. Kowa abu ɗaya yake faɗa: mutum ne mai haƙuri, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma wanda ya fi kowa sani yana zaune a bakin ƙofa kusa da takalma. Aminin Kawu ne, wani dattijo Bakatsine mai koyar da lissafi. An yi an yi ya matso cikin manya, ya ƙi. Hularsa ce a hannunsa, yana ta juya ta.

Da la'asar wasu maza uku suka shigo da kayan aiki a jikinsu, da ganinsu daga Sana'iyya suke, unguwar garejoji da gidajen leburori. Ba wanda ya san su. Ba su zauna ba, ba su taɓa ruwan da aka miƙa musu ba. Suka ɗaga hannu suka yi addu'a a tsaye, ɗayansu yana kuka ba sauti, suka juya. Wani ɗalibi ya bi su yana tambayar wa za a ce sun zo. Babbansu ya ce, "Ba komai. Shi ya san mu."

Ranar uku wata likita 'yar Sudan ta zo. Ta shiga ɗakin mata, ta zauna gaban Hajiya, matar Kawu, ta yi gaisuwa. Sai ta sunkuyo ta ce da Turanci, a hankali, da safen nan saƙon Kawu ya shigo imel ɗinta. Ni na fassara wa Hajiya. Wata daga cikin matan ɗakin ta fara a'uziyya.

Hajiya ba ta razana ba. Ta ce, "Ya ce me?"

Likitar ta ce bai ce komai ba. Sunayen sababbin bincike ne kawai, kamar kullum. Kawu ya saita kwamfuta ne ta riƙa neman wasu kalmomi da kanta, duk abin da ta samu ta tura wa likitar da sunansa. Na yi wa matan bayani, amma na ga ba su natsu ba. Ni ma da na san yadda abin ke aiki, sai da tsigar jikina ta tashi. Hajiya ta gyara mayafinta ta ce, "To a bar shi ya ƙarasa aikinsa."

Ba wanda ya tambayi wane irin bincike ne. Ni na sani.

Kawu ba ya kiran sunana, domin sunan mahaifiyarsa na ci. Uwata yake ce mini. Dogo ne, siriri, kuma a tsakiyar zafin Agusta, lokacin da ko hannun ƙofar mota ba ya taɓuwa, shi da rigar sanyi yake fita saboda sanyin esin laburare. Goronsa wajen wani ɗan Gana yake saye a kasuwa, ya nannaɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma. Larabcinsa na littafi ne, har 'yan ƙasar na yi masa dariya wai kamar mai huɗuba, amma idan ya gaji da mutum sai ka ji "khalas", wato shi ke nan, ta fito kamar ta direban tasi. A Ingila ya karanci aikin laburare. Aikinsa shi ne likita ya zo da tambaya, shi kuma ya tono masa duk abin da aka taɓa rubutawa a kai. Duk wanda ya zo, abin da yake fara tambayarsa ɗaya ne: "Wa kake nema, kuma a wace shekara?" Da farko na zaci salon magana ne kawai.

A shekarata ta biyu aka ba ni aikin tattara abin da aka rubuta kan ƙanjamau tsakanin mazan Afirka ta Yamma masu zuwa ci-rani. Malamata ta ce kada in tsallake maza masu neman maza. Raina bai so ba. A gida ma ko kalmar ba ta shiga intanet, kana bugawa shafin zai rufe. Sai na je laburare, inda rumbun mujallun likitanci ke buɗe, na buga "gay" na haɗa da Hausa. Ba ko ɗaya. Na haɗa da Arewacin Najeriya. Ba ko ɗaya. Na ji sanyi a raina, na rubuta cewa babu bincike a kan wannan.

Kawu ya leƙo ta kafaɗata ya karanta. Ya ce, "Babu bincike, ko babu wannan kalmar? Taso, Uwata. Yalla."

Muka sauka ɗakin ƙasa. Tsakar rana ce, ma'aikata duk sun tafi cin abinci. Da ya tura ƙofar sai na ji ya yi sallama, cikakkiya, kamar mai shiga zauren da ke cike da mutane. Na leƙa, ba kowa. Sanyi ne kamar na ɗakin ajiyar magani, da warin tsohuwar takarda. Kantocin ƙarfe ne a kan dogo, manne da juna, sai an murɗa wani sitiyari kafin su rabu su buɗe hanya. Ya murɗa, suka yi wata ƙara kamar nishi. A ciki akwai manyan littattafan fihirisa, waɗanda kafin zuwan kwamfuta a cikinsu ake jera duk binciken da aka buga, shekara bayan shekara.

Ya sauko da wani na shekarun sittin, ya buɗe ya ɗora yatsana a kai. "Ga su nan. Cikin masu taɓin hankali aka sa su. Karkatattu ake ce musu. Kafin wannan ma akwai lokacin da likitoci ke kiransu juyayyu." Ya ɗauko na gaba. Ya ce a shekarun saba'in likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka ce ba ciwo ba ne, amma tsofaffin takardun suna nan inda aka ajiye su, ba wanda ya koma ya kwaso su. Sai ya ɗauko na shekarun tamanin, ya aza mini a hannu.

"Ji nauyinsa."

Inda a baya layuka kaɗan ne, a nan shafi ne bayan shafi. Ƙanjamau ta zo. Ya ce a farkon fitowarta har sunansu aka laƙaba mata kafin a gane ba ta zaɓen mutum. Ya ce mafi yawan waɗanda aka rubuta a waɗannan shafukan ba su kai ƙarshen shekarar ba.

Nan take fitilu suka ɗauke. Duhu ya rufe mu, ba taga ko ɗaya. Na ƙanƙame littafin, na ji numfashina yana dawo mini daga jikin ƙarfe. Can na ji muryar Kawu ba inda na zaci yake ba.

"Kada ki ji tsoro. Fitilar ce, idan ta daɗe ba ta ga motsi ba, sai ta ɗauka ba kowa."

Ya ɗaga hannu ya kaɗa, haske ya dawo. Ya dubi silin ya ce, "Muna nan," ya ci gaba da magana.

Ya nuna mini inda aka koma amfani da haruffa uku, MSM, wato maza masu kwanciya da maza, saboda masu bincike sun lura mutum zai iya aikata abin ya rantse shi ba "gay" ba ne. Ya nuna mini na mata, 'yan layuka ne a can gefe. Ya nuna mini yadda aka yi ta sauya wa masu shigar ɗaya jinsin suna, kowane zamani da nasa, wanda aka ɗauka na ilimi jiya yau ya zama zagi. Yanzu kuma ga sababbin haruffa huɗu, LGBT, kuma ya ce ba za su tsaya a huɗu ba. Wanda ya nemi sabon suna kaɗai, na baya sun ɓace masa. Wanda ya tsaya a tsohon, ba zai ga na yanzu ba. Dole a jera su duka, har da masu ɗacin faɗa.

Na ce, "To namu fa?"

"Namu ba sa nan. Je ki mujallun masu nazarin al'adu, ki nemi 'yan daudu. Za ki same su a jikin bori, ko a gefen maganar karuwai. Kuma ki sani, ba kowane ɗan daudu ne abin da Bature ke nufi ba, ba kuma kowane mai yi ne ɗan daudu ba. Wasu da rawani suke."

Na ajiye littafin. Na ce, "Kawu, ni fa ba na so sunana ya fito a kan irin wannan abu. Haramun ne. Kuma ka san ƙasar da muke."

"Fatawa aka tambaye ki?" Bai ɗaga murya ba. "Hukuncinsu yana wurin Allah. Ciwonsu yana wurinku, ku da kuka ce lafiya kuke karanta. Idan kika rubuta babu su, wani zai karanta ya yarda, ya tsara magani ba da su ba. Ni dai na nuna miki hanya. Sauran naki ne."

Na sake babin. Ban sa duk abin da na samu ba, amma ban ce babu ba.

Daga baya na gane irin wannan binciken yake yi wa likitar nan 'yar Sudan. Marasa lafiya na zuwa mata da abin da ba za su iya faɗa ba, ita ma ba za ta iya rubutawa ba, domin baƙon da aka samu da ƙanjamau jirgi ake sa shi a mayar da shi ƙasarsu. Kawu yakan buga mata takardun da kansa, ya miƙa mata hannu da hannu. Ya san kalma ɗaya daga bakin wani ta isa a kira shi ofis a ce kwantiraginsa ya ƙare.

Rigimarsa da Amininsa a kan gawa ta faru. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, su biyu suna cin abinci a falo kamar yadda suka saba shekara da shekaru, mazan nan uku na Sana'iyya suka buga ƙofa. Ina ɗaki, labule ne tsakaninmu. Suka ce mai dafa musu abinci ya rasu, Bahaushen Zango ne daga Kumasi, an ɗauke shi daga ɗakinsu an kai mutuware. Sun je karɓa an ce su faɗi sunansa. Ba su sani ba. Shekaru suna cin abincinsa, da wani laƙabi na mata kawai suke kiransa. Sun zaga wurin manyan Zango, kowa ya ce ba ruwansa. An ce musu akwai wani Alhaji a asibiti mai nemo abin da ya ɓace.

Aminin Kawu ya tsame hannunsa daga kwano. Ya ce, "Na san wanda ake nufi. Kowa ya san shi. Alhaji, kada ka sa kanka."

Kawu ya tambayi mutanen, "Yana salla?"

Suka ce yana yi.

"To a yi masa wanka."

"Wa zai yi?" in ji Aminin.

"Ni."

"Da wannan hannun da muke cin tuwo?"

"Ba ni da wani."

Aminin ya miƙe. Ya ce dama ya daɗe yana ganin wasu takardu a teburin Kawu yana kau da kai, ashe abin ya kai nan. Ya ce mutuncin 'yan Najeriya a garin nan da ƙyar aka gina shi. Kawu ya ce mutuncin da gawar Musulmi ke kwana a firiji saboda shi, a bar shi ya rushe. Ban taɓa jin muryarsa ta yi kaifi haka ba. Aminin ya sa takalmi ya fita, tun daga ranar bai sake taka gidan ba. A masallaci sukan yi musabaha da gefen yatsu.

Kawu ya bi mutanen zuwa Sana'iyya, ya nemo kafil ɗin mamacin, Balaraben da fasfonsa ke hannunsa, a nan ya samu sunan yanka. Washegari ya yi masa wanka, mazan uku suna zuba ruwa, suka sallace shi su kaɗai da wasu leburori 'yan Bangaladash da suka tarar a maƙabarta.

Ya dawo da la'asar bai ci abinci ba. Ya zauna a baranda, na kai masa shayi. Ya ce da mai gadin mutuwaren ya jawo akwatin, sai ya ga tafin hannun mamacin da sauran lalle. Ya ce hannun ya fi komai tsaya masa a rai.

"Uwata, mu nawa ne a wurin kakarki?"

Na ce shi da Mama.

"Kin san hoton nan na ɗakin kakarki, ni da babarki a tsaye? Kin taɓa lura da kafaɗata?"

Na lura. Tun ina yarinya nake ganin wasu yatsu a kafaɗar Kawu ta hagu, daidai inda hoton ya ƙare. Na taɓa tambaya aka ce mini laifin mai hoto ne.

Ya ce yatsun ƙaninsu ne, autansu. Tun yana ƙarami a madafa yake zama, hannunsa ya fi na mata iya miya. Da ya girma ya shiga cikin 'yan daudu. Kakana ya kore shi, ya sa almakashi a hoton, ya ce duk wanda ya sake ambaton sunan a gidan bai yafe ba. Yaron ya bi hanya har Jidda yana sayar da abinci. Kawu yana Ingila wani alhaji ya gaya masa ya ga ƙanin nasa a can, ya rame ba kyan gani. Kafin ya samu zuwa, an ce ya rasu.

"Da na je Jidda, na shiga asibiti bayan asibiti da sunansa na yanka. Babu. Na shiga unguwar da suke zama, na faɗi sunan, suka dube ni kamar ɗan sanda. Wani suna suke kiransa da shi, ni kuwa ban san shi ba. Ban taɓa tambayarsa ba. Ban san abin da ya kashe shi ba, ban san wanda ya wanke shi ba, ban san ko an wanke shi ba."

Na tambayi sunan. Ya girgiza kai. Ya ce mahaifinsu ya rasu bai janye maganarsa ba, shi kuma bakinsa ya kasa. "Tambayi babarki wata rana. Ita ta goye shi."

Bai sake tayar da zancen ba. Ya ci gaba da zuwa aiki da rigar sanyinsa. Sai dai a watanninsa na ƙarshe ya fi zama a ɗakin ƙasa, domin an ce za a kwashe tsofaffin littattafan a zubar tunda komai ya koma kwamfuta. Ya ce yana so ya tabbatar ba a bar kowa a ciki ba. Hajiya ta ce wani lokaci idan ta kira shi a waya takan ji kamar yana magana da wani kafin ya amsa mata.

Ranar da ya rasu, da aka tambayi wa zai yi wanka, Amininsa ne ya tashi. Ba wanda ya kira shi. Waɗanda suka taya shi sun ce da ya zo kan hannun dama, sai ya riƙe shi ya daɗe bai saki ba.

Mama ba ta samu biza ba, daga Kano ta yi nata zaman makokin. Ranar addu'ar bakwai na kira ta da katin waya irin na lokacin, wanda magana ke jinkiri kafin ta iso, wani lokaci ta maimaita kanta. Na ce malamin da zai yi addu'ar ya ce a kawo sunayen mamatan gida a haɗa su a addu'a. Ta faɗi na kakana, ta faɗi na kakata, ta faɗi na Kawu.

Na ce, "Mama, saura ɗaya."

Ina jin wata iska a cikin layin kamar ta rijiya. Na zaci ya yanke.

"Shi ya gaya miki?"

"Ya ce ke kika goye shi."

Na ji ta ja numfashi. Sai ta faɗi sunan, a hankali, kamar mai tashin yaro daga barci. Suna ne na kowa da kowa, a ajinmu na firamare ma akwai masu shi. Ban kai ga amsawa ba sai layin ya sake kawo shi, da muryarta, daga nesa. Ita ma ta ji. Ta ce, "Wa ke nan?"

Na ce, "Ba kowa, Mama. Layi ne."

Ta ce, "To. Ki kai wa malam."

Na fita falo na faɗa wa malam a kunne. Bai tambayi ko wane ne ba. Ya ɗaga hannu ya kira su bi da bi, wa da ƙani a jere, jama'a suka ce amin.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka kabarinsa. Ya jiƙan Kawu Ƙarami a duk inda ƙasa ta rufe shi.